Wata bakwai ƙanena na tsare, ba mu da kuɗin lauya

Maman Nana:
Assalamu alaikum jama'ar gidan ga. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ya cika mani ciki. Ƙanena ɗan kabu-kabu na, shekarunai 24. Wata bakwai ke nan wani mutum yat tsai da shi bakin Tsohuwar Kasuwa nan Sakkwato, yac ce shi kai shi Kwannawa da buhu guda. Ya kai shi, an biya shi, ya dawo. Bayan kwana uku anka zo gida da dare anka tafi da shi, wai kayan da ac cikin buhun na wani shago na da anka yi ma fashi. Wallahi yaron ga ko sunan mutumin bai sani ba. Mun tafi wurin wani lauya, yac ce sai mun aje naira 300,000 kahin shi sa hannu. Babanmu ya rasu, Inna ƙuli-ƙuli taka saidawa, maigidana gadi shika yi. Babur ɗin ma ba nashi na ba, balas shika kaiwa kullum, ga shi shi ma an riƙe. Don Allah, akwai inda talaka ka samun lauya ba da kuɗi ba? Ko ko sai mu bar ma Allah?

Hajiya Kulu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah shi fid da shi lafiya, shi ba Inna juriya.

Abu Runjin Sambo:
Yaya, in gaya maki gaskiya, ki bar batun lauya. Ku nemi wani babba wanda aka jin maganatai, shi buga waya guda. Ƙasar ga ba takarda ka fid da mutum ba, sanayya ta.

Barista Umar:
Abu, dakata tukuna. Maman Nana, amsa mini uku. Wace irin kotu aka kai shi, majistare, babbar kotu, ko kotun shari'ar Musulunci? Me aka rubuta a takardar ƙarar 'yan sanda, wadda ake ce wa FIR? In an je zama, me alƙali yake cewa? Kada ki ambaci sunan yaron ko na kotun a nan.

Maman Nana:
Majistare ta, Barista. Haɗa baki da fashi da makami anka karanta mai. Sau biyar muna zuwa, sau biyu ba a ma kawo shi ba. Kullum magana guda: ana jiran shawara daga ma'aikatar shari'a, a dawo wata mai zuwa. Ko tambaya tai ba a yi ba, ya aikata ko bai aikata ba. Kuma ya ce mani a caji ofis an rubuta wani abu da Turanci anka ce shi dangwala, yad dangwala. Bai san mi ac ciki ba.

Barista Umar:
To, na gane inda aka tsaya. Ƙaninki ba a fara yi masa shari'a ba ko kaɗan. Majistare ba ta da hurumin sauraron fashi da makami, na babbar kotu ne. Abin da ake yi shi ne 'yan sanda su kai mutum gaban majistare a ba da umarnin tsare shi, sannan su aika fayil ɗin bincike ma'aikatar shari'a, lauyoyin gwamnati su duba su ce akwai hujjar gurfanar da shi ko babu. In babu, a sallame shi. In akwai, a shigar da ƙara babbar kotu. A tsakanin nan ne mutane suke ɓacewa. Wani fayil ɗin bai ma bar caji ofis ba, ɗan sandan da ya yi binciken an canza masa wurin aiki, babu wanda ya je ya tambaya. Shi ya sa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu komai ba.

Lauyan kyauta kuwa akwai. Hukumar tallafin shari'a ta tarayya ce, a allon ofishinsu za ki ga an rubuta Legal Aid Council. Tun 1976 aka kafa ta, aka sabunta dokarta a 2011, kuma tana da ofis a kowace jiha, har da nan Sakkwato. An yi ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda tun 2024 ya koma naira 70,000 a wata. Kisan kai, fashi da makami, sata, fyaɗe, jikkata mutum, duk suna cikin laifukan da suke tsaya wa wanda ake zargi da su. Ba sai shi ya je ba, ke ma za ki iya zuwa ki cika masa takarda. Ki tafi da lambar ƙarar, sunan kotun, ranar da aka kama shi, da ranar zama na gaba. Lambar ƙara a wurin rajistaran kotu za ki karɓa.

Ba zan ruɗe ki ba, belin fashi da makami yana da wuya, babbar kotu kaɗai ke bayarwa, ita ma sai da dalili mai ƙarfi. Amma lauya zai iya bin fayil ɗin ya gano inda ya kwana, ya rubuta wa ma'aikatar, ya tsaya gaban majistare ya ce wa'adin tsarewa ya wuce. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 kwana 14 ta ba umarnin tsarewa na farko, a ƙara in akwai dalili, ba ta bar abin babu iyaka ba. Jiharmu ta yi tata a 2019 a kan wannan tsarin.

Abu Runjin Sambo:
Barista, ina ganin girmanka, amma abin kyauta a Najeriya? Ni na ga abin da nig gani. Shekara biyu da sunka wuce anka kama ɗan yayana kan rigimar waya. Bakin kotu wani mai baƙar kwat yat tarbe ni, yac ce shi lauya na, ya san kowa ciki. Na ba shi 40,000, kuɗin awakin matata biyu. Ranar zama ko inuwatai ban gani ba, lambar waya a kashe. Daga baya anka ce mani ko makarantar lauya bai taɓa takawa ba. Sai da wani dattijon unguwarmu yas shiga maganar da mai wayar, anka sasanta, sannan yaro yaf fito. Tun ran nan in na ji an ce lauya sai gabana shi faɗi.

Barista Umar:
Abin da aka yi maka ya yi ciwo, Abu, kuma irin waɗannan dillalan suna nan bakin kotuna da yawa. Talaka suke farauta, don shi ne bai san ƙofar da zai bi ba. Lauya na gaskiya yana da ofis, yana da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA mai ɗauke da sunansa da lambarsa, wanda yake mannawa a takardun kotu. Wanda ya tare ka a gindin bishiya ya ce kawo a ba na ciki, kada ka ba shi ko sisi. Sulhun da dattijonku ya yi kuwa ya yi daidai a rigimar waya. Fashi da makami ba ya sasantuwa haka, ko mai shagon ya ce ya yafe, ƙarar ta gwamnati ce.

Hajiya Kulu:
Barista, shi ɗan kabu-kabu ina ya ga takardar albashi da zai nuna cewa samunsa bai kai 70,000 ba?

Barista Umar:
Ba a neman takardar albashi wurin wanda ba ya aikin albashi, Hajiya. Za a tambayi sana'arsa da halin gidansu a rubuta. Mutumin da ya yi wata bakwai a tsare ba shi da samu ko na taro.

Ɗan Gobir:
Ni kam ku yi mani haƙuri, zan faɗi abin da ke raina ko da ba za a ji daɗi ba. Ni mutumin Sabon Birni ne. Kawuna a gona aka harbe shi, 'ya'yansa bakwai yanzu suna hannuna a nan Gidan Igwai. Babu hukumar da ta zo ta ce ga lauya kyauta ku nemi haƙƙinku. Amma wanda aka kama da zargin fashi, shi gwamnati za ta ɗaukar wa lauya da kuɗin jama'a? Kuma mun sani, masu kai wa ɓarayin daji mai da burodi da labari, da yawansu a kan babur suke. Ban ce ƙanin Maman Nana yana ciki ba, ban san shi ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Allah ma cewa ya yi kada ka zama mai kare maha'inta. Lauya ya san mutum ya yi, ya tsaya ya juya magana har a sake shi, gobe ya koma ya kashe wani.

Maman Nana:
Allah shi jiƙan kawunka, Malam. Ban ji haushinka ba, wanda anka kashe ma nashi dole shi yi magana hakanan. Ni dai ba cewa niy yi a sake shi ko ya yi ba. A yi mai shari'a. In an kawo shaida ya yi, ni da kaina ba ni ƙara taka ƙofar gidan yari.

Malam Buhari:
Ɗan Gobir, Allah ya gafarta wa kawu, ya raya abin da ya bari, ya saka maka da ɗawainiyarsu. Ayar da ka kawo tana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 105, kuma gaskiya ce. Sai dai ka duba dalilin saukarta a littattafan tafsiri. Wani ne ya saci sulke, danginsa suka taru suka jingina satar ga wanda bai ji ba bai gani ba, har aka kusa hukunta shi. Ayar ta sauka ta wanke wanda aka yi wa ƙazafi. To kai yanzu, da me za ka tantance maha'inci daga wanda aka jingina wa, in ba a zauna an ji hujja ba?

Hadisin Ummu Salama yana cikin Bukhari da Muslim. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce ana kawo masa jayayya, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujjarsa, sai ya yanke bisa abin da ya ji, kuma wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, yankin wuta ne. Ka ga tun wancan lokacin an san rashin iya magana gaban alƙali yana kayar da mai gaskiya. Shi ya sa malamanmu na Malikiyya suka halatta wakilci a husuma. Tuhfa, littafin fiƙihun da alƙalanmu suke hukunci da shi, yana da babi guda a kan wakala.

Kuma a garin nan muka ga misali. Safiya ta Tungar Tudu, babbar kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jifa a Oktoban 2001, ba ta da lauya a lokacin. Da lauyoyi suka ɗaukaka mata ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a nan Sakkwato ta soke hukuncin a Maris 2002. Cikin dalilan har da cewa abin da ake tuhumarta da shi ya riga dokar fara aiki. Ƙadiyoyinmu ne suka soke, ba wani baƙo ba. Da babu wanda ya tsaya mata ya kai maganar gabansu, da wa zai gyara?

Lauyan da ya san ƙarya ce ya ƙirƙiro shaida, wannan zunubinsa a wuyansa. Wanda ya ce a kawo hujja kafin a hukunta, aikin shari'a yake yi.

Ɗan Gobir:
Na ji, Malam, kuma ban musa hadisi ba. Amma har yanzu tambayata tana nan: marayun da ke gidana, wa ke tsaya musu? In za a yi adalci a yi wa kowa.

Barista Umar:
Tambayarka tana kan hanya, kuma ba ni da amsar da za ta sanyaya maka rai. A tsarinmu lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara shi ne yake tsaye a madadin wanda aka kashe, amma sai an kama wani tukuna. Abu ɗaya zan ƙara: duk ranar da aka rufe wanda bai yi ba aka ce an gama, wanda ya yi yana waje, kuma an daina nemansa. Mai buhun nan na Kwannawa, wa yake nemansa yau?

Baba Gandiroba:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ya karanta mini maganarku, na ce sai na sa baki, shi yake rubuta mini. Shekara 31 na yi ina aikin gidan yari kafin in aje, tun ba a canza masa suna zuwa gidan gyaran hali ba a 2019. Abin da na gani da idona, mai laifi babba wanda yake da kuɗi ba ya daɗewa a ɗakin jiran shari'a. Lauyansa yana zuwa duk mako, takardunsa suna tafiya. Wanda yake ruɓewa a ciki shi ne yaron ƙauye da aka kama kan akuya ko buhun gero. Na ga wanda da an yanke masa hukunci tun farko da wata shida zai yi, amma ya shekara biyu yana jira. Na ga wanda aka ba beli, ya rasa mai tsaya masa, don danginsa ba su ma san inda yake ba. Na ga wanda aka ci tarar kuɗin da bai kai na tunkiya ba, ya zauna don babu mai biya.

Maman Nana, 'yata, ga shawarata. Ki je wurin jami'in walwala na gidan, kowane gidan yari yana da shi. Ki ce a sa sunan ƙaninki cikin waɗanda za a nuna wa lauyoyin tallafi in sun zo zagaye, da kuma jerin da ake shirya wa Babban Jojin jiha. Doka ta ba Babban Joji ikon shiga gidan yari ya duba waɗanda suka daɗe ba bisa ƙa'ida ba ya sallame su. Amma ba kowa ake kira ba, sai wanda takardarsa ta fito. Kuma kada ku daina zuwa ziyara ko da hannu biyu ne. Wanda ake zuwa dubawa, kowa a gidan ya san yana da mutane.

Maman Nana:
Na gode Baba, Allah shi ƙara girma. Wallahi ban san da wani jami'in walwala ba, kullum abinci nika miƙawa in juyo.

Hajiya Kulu:
Tunda an buɗe maganar bari in ƙara ta mata, don mu ma muna shan wuya, sai dai tamu ba a gidan yari take ba. Matar da aka saka aka hana ta ganin 'ya'yanta, ko aka cinye mata gado, ko aka yi wa 'yarta fyaɗe aka ce ta rufe baki don kunya. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA tana da reshe a Sakkwato kuma irin wannan aikin suke yi kyauta. Akwai kuma ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, kai ƙorafi can ba a biyan komai. Wata maƙwabciyata shekara uku tana jin tsoron zuwa kotu kan gidan mijinta, tana cewa ita ba ta iya magana gaban maza ba. Ranar da ta sami mace 'yar'uwarta ta tsaya kusa da ita, bakinta ya buɗe. Barista, gaskiya ne mace ba ta tsayawa belin mutum? An taɓa gaya mini haka.

Barista Umar:
Ba gaskiya ba ne, Hajiya. Dokar 2015 ta faɗa ƙarara, ba a hana mutum tsayawa beli don kawai mace ce. Haka ta hana kama wani a madadin wani, uba don ɗansa ko mata don mijinta, dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta maimaita. Belin caji ofis kuma kyauta ne a doka.

Batun dangwalen nan shi ya fi damuna. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. In ba shi da lauya, ana iya ɗaukar bayaninsa gaban jami'in hukumar tallafin, kuma in ba ya jin Turanci sai an kawo tafinta ya karanta masa abin da aka rubuta. Shari'o'i da yawa a daren farko ake rasa su, a kan takarda ɗaya da mutum bai san me ta ƙunsa ba. Maman Nana, ki gaya wa lauyan wannan tun zaman farko, kada ki manta.

Sani Tangaza:
Duk abin da kuka faɗa na mutanen birni ne. Ƙananan hukumomi 23 gare mu. Mutumin Gudu ko Isa ko Kebbe, kuɗin motar zuwa Sakkwato da dawowa kaɗai ya isa ya hana shi, balle hanyar ma ba kullum take biyuwa ba. Ya zo bai san kowa ba, bai san ofis ba, ya kwana a tasha.

Barista Umar:
Haka ne, Sani. Lauyoyin hukumar kaɗan ne in aka gwada da yawan masu buƙata, har da masu bautar ƙasa ake cike gurbi, kuma yawancin lauyoyi masu zaman kansu a cikin gari muke. Mu ma da laifinmu. Ana buƙatar wanda ke neman muƙamin SAN, wato babban lauyan Najeriya, ya nuna shari'o'in da ya yi kyauta, amma bai kamata sai mai neman muƙami ba. Ni dai na ɗauki biyu a bana. Wanda yake nesa, ya turo ɗan'uwa ɗaya mai waya da bayanan nan huɗu da na lissafa wa Maman Nana, ba sai gida duka sun taso ba.

Abu Runjin Sambo:
Yaya, in za ki tafi ofishin ki gaya mani, in kai ki bisa mashin ɗina. Ina son in gani da idona ko za su ce a kawo wani abu.

Maman Nana:
Jama'a, na dawo da bayani, yau kwana tara. Mun tafi ni da Abu ran Litinin. Mun jira kamar awa biyu, anka ba ni takarda, wata yarinya mai bautar ƙasa tat taimaka mani munka cika. Ba a karɓi ko naira ba, Abu shaida na. Jiya lauyan ya kira ni. Ya ce ya bincika, fayil ɗin bai taɓa isa ma'aikatar shari'a ba, wata bakwai shina caji ofis cikin durowa. Ya rubuta takarda, kuma zai zo zaman ran 18 da kainai. Ya ce kar in sa rai da yawa tukuna, ana iya cewa a kai babbar kotu. Inna dai ta ci abinci jiya.

Wani abu kuma. Da nit tafi ziyara, ƙanena ya ce akwai wani dattijo ɗakinsu, mutumin wajen Gudu, shekara uku ba wanda yat taɓa zuwa wurinai, bai ma san ranar zamanshi ba. Ya roƙe ni in faɗa ma wanda za shi iya.

Barista Umar:
Turo mini sunansa ta akwatin sirri, kada ki sa a nan. In kin koma ziyara ki tambayi jami'in walwala lambar ƙararsa da kotun da ta tsare shi, yana cikin takardar da aka kawo shi da ita. Sani, kai ka san Gudu. In na sami sunan garinsu, za ka iya nemo mana wani nasa?

Sani Tangaza:
Zan iya. Ina da abokin ciniki da ke zuwa kasuwar Balle, turo kawai.